Teta Vinka, Wadda Ta Ƙi Koya wa Na'ura Ƙarya

Ku gafarce ni tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, in ban da amsar jarrabawa, kuma na san a tsibirin nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru da iya magana, waɗanda su ya kamata su ɗauki alƙalami kan Teta Vinka (a nan Teta muke ce wa inna, Barba kuma baffa). Na jira su, na ji shiru. Har aka sa ranar da za ta ajiye aiki babu wanda ya ce uffan. Shi ya sa na yi karambani. In kun ga na karkace, ku ɗora wa ƙuruciya. In kun ci karo da abin da bai yi muku daɗi ba, ku ɗora mini, kada ku ƙara mata, nata kayan ya ishe ta. Abin da ban gani da idona ba, na ji shi ne daga bakin Barba Bepo, wanda ya tuƙa mata jirgi kusan tsawon aikinta, ko daga mahaifiyata mai shagon gahawa a bakin tashar jiragen ruwa, inda duk maganar ƙauyen nan sai ta yada zango kafin ta wuce.

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta safe, Teta Vinka ta riga ta sauko daga gidansu na kan tudu, sanye da rigar ruwan nan da gishiri ya cinye wa launi, burodi da cuku a jaka, gorar gahawa a hammata. Takan tarar da Barba Bepo yana ɗumama inji yana tari. Ba ta zama. Sai ta durƙusa a gefen jirgi ta jawo sandar da aka ɗaure wa na'urar amsa-kuwwa, wani ƙarfe kamar ƙaramar tukunya, ta share masa fuska da tsumma kamar mai wanke wa jariri ido. Daga nan ta zura ma'auni cikin ruwa ta ga sanyinsa da gishirinsa, domin a cewarta murya ba ta gudu iri ɗaya a ruwan sanyi da na ɗumi, wanda kuwa ya manta da haka zai auna zurfin da babu shi.

"Bepo, yau layi nake so, ba rawar biki ba."

"Jiya ma ai layi na ba ki."

"Layin wanda ya kwana a gidan giya."

"To sauka ki shimfiɗa mini igiya a kan ruwan in bi, ranki ya daɗe."

Haka suke fita kullum, da faɗa. Sai jirgin ya kama kai da komo a kan ruwa, layi bayan layi, a hankali, har masunta su riƙa yi musu dariya suna cewa ga masu noman teku can sun fito huɗa.

Aikin nata ba shi da wuyar faɗi. Na'urar takan yi kira zuwa ƙasan teku, ƙasan ya amsa, ita kuma ta duba amsar a kan allo. Dutse yakan amsa da ƙarfi, a taƙaice. Laka takan haɗiye muryar, ta maido kaɗan. Yashi yana tsakani. Ciyawar teku kuwa amsarta a tarwatse take dawowa, da jela, kamar mutane da yawa suna raɗa lokaci ɗaya. Da waɗannan amsoshi ake zana taswira mai launi-launi, wadda cibiyar binciken teku da ke birni take ajiyewa, duk mai son shimfiɗa bututu ko gina tasha ko kafa kejin kiwon kifi sai ya duba ta.

Sai dai akwai abu ɗaya da Teta Vinka ba ta gajiya da faɗa. Na'urar ba ta san sunan komai ba. Murya kawai take ji. Mutum ne zai jefa gugan ƙarfe mai haƙora, ya cizo abin da ke ƙasa, ya taɓa da hannu, ya sansana, sa'an nan ya ce wa na'urar wannan muryar da kika ji ta yashi ce, waccan ta laka ce. Abin da aka koya mata shi za ta maimaita duk inda aka kai ta. Saboda haka hannuwan Teta Vinka ba na ma'aikaciyar cibiya ba ne. Duk sun tsattsage, igiyar guga ta bar musu kanta, kuma ko ranar Lahadi ka gaisa da ita sai ka ji warin laka kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin sabulu.

Waɗanda suka girme ni sun san lokacin da rijiyoyin ruwan sama suke ƙafewa tun tsakiyar zafi, ana jiran jirgin tanki kamar ana jiran mai ceto. Da aka tashi jawo mana ruwa daga babbar ƙasa, Teta Vinka ce ta yi wata da watanni tana bin mashigin nan, ta nemo wa bututu hanyar yashi mai laushi tsakanin duwatsu masu kaifi. Bututun yana nan har yau bai fashe ba. Ranar da aka buɗe famfo a dandali an yi jawabai, an ambaci sunaye da yawa. Mahaifiyata ta ce Teta Vinka tana can baya tana wanke guga.

Masunta ma sun sani. Babu wanda ya taɓa zuwa da tambaya ta ce masa taswira ta cibiya ce. Sai ta ja takardar goge baki a shagonmu ta zana masa: nan dutse ne, zai yaga maka koma, nan laka ce, ƙugiyarka za ta nutse, bi ta nan. Shekarar da guguwa ta tsinke wa wani dattijo tarkunansa na ƙarfe duka, ta ba da ranar hutunta suka yi ta zagaye har aka tsamo mafi yawansu. Da ya kawo mata kifi don godiya, ta karɓi ɗaya ta ce sauran ya kai wa jikokinsa.

Teta, ke ce kunnen tsibirin nan. Ke ce kika saurari ƙasan da muke wucewa ta kansa kullum ba mu san yana magana ba. Muna shan ruwan da kika nemo wa hanya, muna wanke fuska da shi, mu fito mu wuce ki a tasha kamar ba mu gan ki ba.

Na san yanzu wasunku sun fara ɓata rai, don kun gane inda na dosa. Amma in na tsallake maganar Gindin Ɓaure, to ban rubuta komai ba.

Teta Vinka tana da ƙane guda, Barba Jerko, masunci. Gida ɗaya iyayensu suka bar musu, ita a sama, shi a ƙasa, tsakar gida ɗaya, matakala ɗaya. Tun suna yara ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta riƙa yi masa aikin makaranta, shi kuma ya riƙa dukan duk yaron da ya kira ta mai ido huɗu. A lungun tekun nan da muke kira Gindin Ɓaure mahaifinsu ya koya musu iyo, ya ɗaura musu igiya a ƙugu ya jefa su ruwa. Ciyawar wurin a lokacin, in ji manya, takan kai ƙirjin mutum, kore shar, kifi na shiga da fita kamar kasuwa. A nan Barba Jerko ya yi rabin rayuwarsa yana su.

Sai wani kamfani ya nemi izinin kafa kejin kiwon kifi a lungun. Ƙauye ya tashi tsaye. Doka kuwa tana bayanmu, domin ta hana kafa keji a kan ciyawar teku mai rai. Abin da ya rage kawai a auna a tabbatar. Da aka ji cibiya ta tura Teta Vinka, mutane suka yi ajiyar zuciya. A shagonmu har an sha na murna tun kafin ta fita. Barba Jerko ya buga tebur ya ce, "Yayata ce fa. Ta san kowane ganye a wurin da sunansa. Su tattara kejinsu su kai wa kakarsu."

Abin da ya faru a ruwa, Barba Bepo ne kaɗai ya gani, kuma sai da na yi ta naci kafin ya ba ni.

Ya ce ranar teku kwance take kamar man zaitun. Suka bi layukansu, allo ya cika da amsar nan mai jela daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ciyawa, ko'ina ciyawa. Ya ce har ya fara waƙa, ya juya kan jirgi zai nufi gida.

"Ina za ka? Ba mu jefa guga ba."

"Guga kuma? Na'ura ta ce ciyawa, ni na ce ciyawa, ubanki ma da zai tashi ciyawa zai ce. Me kike nema?"

"Tsaida jirgi, Bepo."

Ta jefa. Da gugan ya fito ya buɗe baki a kan katako, sai ga dunƙulen saiwoyi ruwan ƙasa, a cukurkuɗe kamar tsohuwar tabarma, babu ganye ko ɗaya. A kansa wata gansakuka ce mai santsi ta yi lif, irin wadda ke hawa inda ciyawa ta mutu. Ita ce na'urar ta ji ta ɗauka ciyawa ce. Teta Vinka ta sake ɗaukar guga. Ta ce a matsa gaba. Ta sake jefawa. Aka matsa, ta sake. Barba Bepo ya ce tun rana na tsaka har ta karkata suna abu ɗaya, hannunta ya fashe yana jini a kan igiya, ta ƙi ba shi ya ja. Rai take nema, ko da tsiro ɗaya ne. Daga ƙarshe ta cire takalma, ta sa gilashin nutso, mace mai furfura, ta faɗa ruwa da kayanta. Ta daɗe har ya tsorata. Da ta fito ta hau jirgi, sai ta zauna a ƙasa ta ɗora dunƙulen nan a cinyarta tana shafa shi.

"Duk ta tafi," in ji ta. "Angar da ke tsaida jiragen 'yan shaƙatawa ta yi mata huɗa, zafin ruwa ya ƙarasa. Wurin da Baba yake tsayawa ma babu."

Barba Bepo ya kashe inji. Ya ce mata, "Vinka, saurare ni. Ba ƙarya za ki yi ba. Abin da allo ya nuna shi za ki kai. Gugan nan babu wanda ya gan shi sai ni da ke, ni kuwa kin san idona ya daɗe da lalacewa."

"Idonka lafiyarsa lau in mace ta wuce."

"Ba wasa nake ba. Jerko ba zai yafe miki ba."

"Na sani."

"To?"

Ta daɗe tana kallon dunƙulen. Sa'an nan ta ce, "In na ce wa na'urar nan wannan muryar ta ciyawa mai rai ce, ta koya ke nan. Gobe a kai ta wani lungu, ciyawarsu tana mutuwa, gansakuka na hawa, ta ji muryar nan ta ce lafiya lau. Jibi wani lungun. Babu wanda zai je ya duba, don taswira ta ce kore. Mu tamu ta riga ta tafi, Bepo. Tasu da saura."

Barba Bepo ya ce ranar ce kaɗai a tsawon aikinsu ba ta ce masa layinsa ya karkace ba.

Ba ta bari mutane su ji daga birni ba. Ita da kanta ta nemi a taru a zauren ƙauye, ta shigo da gugan a hannu, ta juye shi a kan tebur. Mahaifiyata tana wurin. Ta ce nan take kowa ya ɗauki magana lokaci ɗaya. Wani ya ce nawa suka ba ki. Wata ta ce karatu ne ya raba ta da mutane. Wani tsoho ya ce ai ko na'urar ta fi ta kishin gari. Tana tsaye tana amsa wa mai tambaya, mai zagi kuma ta bar shi ya gama. Barba Jerko ne ya tashi a ƙarshe. Bai ɗaga murya ba.

"Na'ura ta ce da rai?"

"Ta ce."

"Wa ya sa ki jefa guga?"

"Kullum ina jefawa, Jerko."

"Kullum. Ko a kan kabarin ubanki." Ya ɗauki hularsa. "Jama'a, ku shaida, ni ɗaya aka haifa a gidanmu."

Kejin ya zo da bazara. Aka kewaye Gindin Ɓaure da balan-balan masu launin rawaya, warin abincin kifi ya riƙa biyo iska har ƙauye. Ba zan ɓoye ba, samari da dama sun sami aiki a can, wasu da za su yi ƙaura sun zauna. Amma ko su ba sa gaishe ta. A shagon burodi sai a bar ta ƙarshen layi. A coci benci yakan yi mata faɗi.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke jiran ta a gida. Shekara da shekaru Barba Jerko bai ce mata kanzil ba, ga shi matakala ɗaya suke bi. In dole ta kama, sai ya yi wa kyanwarsa magana da ƙarfi a tsakar gida: "Mica, gaya wa ta sama rufinta na zuba a kaina." Ita kuma ta leƙo ta ce, "Na ji, Jerko, gobe zan kira mai gyara." Sai ya ce wa kyanwar, "Kin ji wata iska?" Mu yara muna dariyar wannan. Sai da na girma na gane ba abin dariya ba ne.

Lokacin da matarsa Teta Marica ta kwanta ciwon ajali, Teta Vinka takan dawo daga ruwa ta dafa miyar kifi ta ajiye a matakala ta ƙarshe, ta haye sama. Da safe ta tarar da tukunyar a wanke, a kife, babu magana. Ranar jana'iza ba a matsa mata wuri a bencin dangi ba. Tana can baya kusa da ƙofa, tare da baƙin da suka zo daga wasu ƙauyuka, ita da ta riƙe wa amaryar fure ranar aurensu.

Dunƙulen nan kuwa bai tafi a banza ba. Abokan aikinta a cibiya suka karɓa hannu biyu, aka gyara wa na'ura karatu, aka koya mata bambanta raɗar ciyawa da ta gansakuka. Da aka sake bin tsofaffin wurare da sabon kunne, sai aka tarar da lunguna da dama a wasu tsibirai da taswira ke cewa kore, alhali sun fara ci daga gefe. Aka hana jefa anga a can, aka dasa turakun ɗaure jirgi. Tasu ta tsaya da ƙafarta. Yaran waɗannan ƙauyuka suna iyo yau a kan ciyawa mai kai musu ƙirji, kuma babu ɗaya cikinsu da ya taɓa jin sunan Vinka.

Teta, ke ce kika biya wa baƙi da ɗan'uwanki. Ke ce kika sami ƙofar da za ki bi ki fita ba tare da kowa ya kira ki maƙaryaciya ba, kika ƙi bi. Ban san yadda kika iya hawa matakalar nan kowace yamma ba. Na sha ganinki daga tagarmu kin tsaya a ƙofar gida da jaka a kafaɗa, kina gyara numfashi kafin ki tura ƙyaure.

Ranar Asabar da ta wuce ta yi fitarta ta ƙarshe. Mahaifiyata ta haɗa tebura a bakin tasha, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta gasa kifin sadin, ta dafa ganye da dankali da man zaitun, ta jera kujeru har ta aro na coci. Ta gaya wa kowa. Ni kuma na naɗe 'yar takardata a aljihu, wai in an ci an sha zan tashi in karanta.

Mutum biyu suka zo daga cibiya, suka ba ta agogon bango da fure, suna duban lokacin jirgin komawa. Fada, limamin cocinmu, ya leƙo ya sa albarka ya ce yana da mara lafiya. Dattijon nan mai tarkuna ya zo da sandarsa. Sai Barba Bepo cikin rigar da ya yi aure da ita, wadda maɓallinta ya ƙi haɗuwa. Shi ke nan. Sauran kujerun iska ce ta zauna a kai. Teta Vinka tana ta yi wa mahaifiyata godiya tana cewa abincin ya yi yawa, ba sai an wahala haka ba. Ba ta duba kujerun ba ko sau ɗaya. Can tsallaken tasha take satar kallo, inda Barba Jerko ya zauna kan akwati ya ba mu baya yana ɗinkin koma.

Barba Bepo ya tashi da kofi a hannu zai yi jawabi. Ya ce, "Ni dai shekara talatin da wani abu matar nan tana zagin tuƙina." Sai muryarsa ta karye, ya zauna, ya ce hayaƙin gashi ne. Baƙin birni suka yi sallama suka ruga. Kifi ya fara sanyi.

Sai muka ga Barba Jerko ya ajiye allura. Ya miƙe da ƙyar, ya zagayo tashar a hankali, yana jan ƙafar nan tasa mai ciwo. Babu wanda ya motsa. Ya zo ya tsaya a gaban teburin, bai cire hula ba. Yayarsa ya kalla.

"An ce kin ajiye."

Ta gyaɗa kai.

"Na riga ki sani," in ji shi.

"Sanin me?"

"Ciyawar. Tun kafin ki jefa gugan naki na daina kama komai a can. Koma takan fito da ruɓaɓɓen gashi, ba kifi. Sai in je in kashe inji in zauna, in dawo in ce wa mutane iska ce ta hana. Ko Marica ban gaya wa ba."

Barba Bepo ya ce, "Kai, Jerko! Ka sani, ka bar baiwar Allah..."

"Rufe mini baki, direban jaki, ba da kai nake ba." Ya sake juyowa gare ta. "Muddin babu wanda ya faɗa, ina iya zuwa in zauna in ce tana nan a ƙasa, ruwa ne ya yi duhu. Sai kika zo kika juye mini ita a tebur a gaban mutane. Kika sa hannu."

"Dole wani ya sa, Jerko," in ji ta a hankali. "Da baƙo ya zo ya faɗa mana, gara ni. Lokacin Mama ma ni na rufe mata ido, kai kana waje kana cewa barci take."

Ya kalli teku, ya kalli farantin kifi, ya share hanci da bayan hannu.

"Za ta dawo? In an ɗauke kejin wata rana?"

Na ga mahaifiyata ta runtse ido. Na san addu'a take yi Teta Vinka ta ce i, ko sau ɗaya a rayuwarta.

"Ba a zamaninmu ba," in ji Teta Vinka. "Faɗin yatsa take yi a shekara. Ko jikokin jikokinka da wuya."

Barba Jerko ya yi wata irin dariya marar daɗi. "Kun ji ta ko? Ko yau ba za ta rage wa mutum ba." Ga kujeru nan birjik babu kowa, amma sai ya zagaya ya tsaya a gefen bencin da take zaune.

"Matsa, Yaya."

Ta matsa. Ya zauna, ya jawo faranti, ya ɓare kifi ɗaya ya ce an ƙona shi. Ita kuwa ta kifa fuska cikin hannuwan nan nata masu kanta, kafaɗunta na girgiza, ba sauti. Bai rarrashe ta ba. Ya cire ƙayar kifin tsaf, ya tura mata farantin gabanta.

Ga abin da na so in tashi in faɗa, Teta. Mun gode. Mun gode da ruwan famfo, da komar da ba ta yage ba, da lungunan da ba namu ba. Mun gode da gugan da kika jefa ranar da babu wanda zai tambaye ki in ba ki jefa ba. Shekarun da aka ɗauke muku ke da ƙanenki ba mu da inda za mu samo su mu mayar, kuma mu ma da hannunmu a ciki, mu da muka tsallaka titi don kada mu gaishe ki. Ku da za ku gaje ta a kan na'urar nan, da ku da aikinku bai shafi teku ba ko kaɗan, in allo ya nuna muku daidai abin da ranku yake so, ku tsaida jirgi ku taɓa da hannu. Mu kuma 'yan ƙauyen nan, tana nan da ranta, gidanta na kan tudu, ƙofar ba ta da sakata. Kada mu jira sai an kaɗa mata ƙararrawar jana'iza.

Ban faɗi ko ɗaya daga ciki ba. Na sa hannu a aljihu na taɓa takardar, na ji ta jiƙe da gumi. Barba Bepo ya fara ba da labarin wata guguwa, Barba Jerko yana ƙaryata shi, Teta Vinka na share ido da gefen ƙyallen tebur tana gyara musu shekarar. Na tattara farantai biyu kamar an aike ni, na shiga shago, na ajiye su a hankali don kada su yi ƙara, na fice ta ƙofar baya.